Laburaren Covington da ya koma gidan masu zane da 'yan wasan kwaikwayo: tambayoyi da amsoshi

A garin Covington na jihar Kentaki a Amurka, akwai wani tsohon gini mai ƙubba a kan titin Scott wanda mutanen gari ke ce wa The Carnegie. An buɗe shi a 1904 a matsayin laburaren jama'a, ya yi shekara 70 ana aron littattafai a cikinsa, sannan littattafan suka yi ƙaura suka bar shi. Yau zane ake ratayewa a bangonsa, ana wasan kwaikwayo a zauren da ke manne da shi, yara kuma na zuwa koyon aikin hannu. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi idan suka ji labarinsa.

Ina ne Covington, kuma wane irin gini ne wannan?

Garin yana bakin Kogin Ohayo ta kudu, yana fuskantar birnin Cincinnati da ke tsallaken ruwa. Mutanensa sun kai kimanin 40,000. Wasu magina daga Cincinnati, Boll da Taylor, su suka tsara ginin bisa salon Faransa da ake yayi a lokacin, mai ginshiƙai da ado a goshi. Idan ka hau matakala ka shiga, za ka tsinci kanka a wani zagayayyen fili, sama da kai baranda ce ta kewaye bene na biyu, can ƙololuwa kuma ƙubba ce ta gilashi da ke sauko da haske. Dalar Amurka 85,000 Andrew Carnegie ya bayar aka yi aikin. A 1906 aka buɗe zauren taro a jikinsa, inda aka riƙa yin lacca da taron gari da wasanni.

Wane ne Carnegie, kuma me ya haɗa shi da Covington?

Ba ɗan garin ba ne. An haife shi a 1835 a Dunfermline ta ƙasar Sikotlan, ɗan masaƙi ne da injin saƙa ya kashe wa sana'a. A 1848 iyayensa suka kwashe su zuwa Allegheny a jihar Pennsylvania, inda ya fara aiki a masaƙa yana yaro, ana biyansa dala 1.20 a mako. A garin akwai wani Kanar James Anderson da ya buɗe wa yara 'yan ƙwadago ɗakin littattafansa, kimanin littafi 400, suna ara suna mayarwa duk mako. Carnegie bai taɓa mantawa da wannan alheri ba. Da ya yi arziki a harkar ƙarfe, har ya sayar da kamfaninsa a 1901 kan dala miliyan 480, sai ya duƙufa rabon dukiyar.

Tsakanin 1883 da 1929 an gina laburare 2,509 da kuɗinsa. Daga ciki 1,689 a Amurka suke, 660 a Birtaniya da Ayalan, 125 a Kanada, sauran kuma sun bazu har Afirka ta Kudu da tsibirin Moris. Na farkon a mahaifarsa Dunfermline aka yi. Covington dai gari ne kawai cikin ɗaruruwan da suka rubuta wasiƙa suka nema aka ba su.

Kyauta ce zalla, ko da sharaɗi?

Da sharaɗi, kuma sai an fahimce shi za a gane duk abin da ya biyo baya. Carnegie gini kawai yake bayarwa. Gari ne zai samar da fili. Gari ne zai yi alkawari a rubuce cewa kowace shekara zai ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin daga harajinsa don albashin ma'aikata da sayen littattafai da gyara. Sannan ƙofa a buɗe take ga kowa, ba a karɓar ko sisi. Wato garin da aka yi wa ginin dala 10,000 ya ɗaura wa kansa dala 1,000 duk shekara, ba ranar sauke kaya. Sakatarensa, James Bertram, shi ke tace wasiƙun, kuma ba ya wasa: sai ya ga yawan mutanen gari da takardar amincewar majalisa kafin kuɗi su fito.

A ganina nan ne wayon attajirin yake. Ya san gina abu rana ɗaya ce, riƙonsa ne aikin kullum. Wasu garuruwa sun dubi sharaɗin suka ce ba za su iya ba, suka haƙura tun kafin a aza tubali.

Kowa ya yi maraba da wannan kyauta?

Ina! A watan Yulin 1892 an yi mummunar arangama a masana'antar ƙarfensa da ke Homestead tsakanin ma'aikata masu yajin aiki da 'yan gadin haya na kamfanin Pinkerton, inda aƙalla mutum 10 suka mutu. Daga nan 'yan ƙwadago da yawa suka ɗauki kuɗin laburare a matsayin guminsu da aka tatsa, ake dawo musu da shi da sunan kyauta. Hujjarsu mai sauƙi ce: mutumin da ke tsaye gaban wutar ƙarfe awa 12 a rana, yaushe zai zauna ya karanta littafi? A garin Wheeling, ƙungiyoyin ƙwadago sun yi gangami har aka kayar da batun a ƙuri'ar 1904.

Akwai kuma maganar launin fata. A kudancin Amurka an sha hana baƙaƙe shiga waɗannan gine-gine da aka ce na kowa ne, Carnegie kuma bai tilasta wa garuruwan su sauya hali ba. A wasu wurare sai dai ya ba da kuɗin gina na baƙaƙe daban, kamar reshen yamma na birnin Louisville, a cikin jihar Kentakin nan, wanda aka buɗe gininsa a 1908. Covington kuwa ana lissafa shi cikin laburarukan farko a kudu da baƙi da fari suka shiga ta ƙofa ɗaya.

To me ya sa laburaren ya tashi daga gini mai kyau haka?

Ya yi masa kaɗan, kamar rigar da yaro ya girma ya bari. An tsara waɗannan gine-gine ne a zamanin da ma'aikaci ɗaya zai zauna a kanta a tsakiya yana hango kowane lungu, littattafan kuma ba su wuce 'yan dubbai ba. Bayan rabin ƙarni littattafai sun ninka, an soma neman sashen yara mai faɗi, da ɗakunan taro, da wurin ajiye mota, domin mutane sun koma bayan gari suna zuwa da motocinsu. Wayoyin lantarkin cikin bango na kunna fitila ne kawai. Ga kuma matakalar ƙofa, wadda masu gini suka yi don mai shiga ya ji yana hawa zuwa ga ilimi, amma ga tsoho mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu, katanga ce. Da hukumomi suka yi lissafi, sai suka ga sabon gini shimfiɗaɗɗe ya fi musu araha. A 1974 laburaren, wanda yanzu na gundumar Kenton ne da Covington ke cikinta, ya koma sabon mazauninsa a kan titin Scott ɗin dai, 'yar tafiya kaɗan daga tsohon.

Shi kuwa zauren wasan ya riga ya shiga uku tun kafin nan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an cire rufinsa na jan ƙarfe an sayar, ruwan sama ya samu hanya, ya yi ta cin filasta da katako har aka toshe ƙofofinsa a 1958.

Ta yaya ya tsira daga rusau?

Mutanen gari ne suka tsaya masa. Da aka ga laburare zai fita, kuma maganar rushewa ta taso, sai wasu mazauna yankin suka haɗu a ƙarƙashin majalisar masu fasaha ta arewacin Kentaki suka karɓi ginin. Ba su da kuɗin gyara shi gaba ɗaya, kuma ba su jira sai sun samu ba. Sun shiga da abin da ke hannunsu, suka fara baje zane a ɗakunan da ake karatu a da, zauren wasan kuma yana can a rufe.

Lissafin shekarun ya kamata mutum ya duba da kyau. An karɓi ginin a tsakiyar shekarun 1970. Sai a 2003 aka kammala sashen da ya haɗa ɗakunan baje koli da zauren wasa. A 2004 aka buɗe sashen koyarwa mai sunan Eva G. Farris. Zauren da aka toshe a 1958 kuwa bai sake karɓar 'yan kallo a gyare ba sai 2006, shekara 100 cif da buɗe shi na farko, yanzu da sunan Otto M. Budig, ɗaya daga cikin masu hannu da shunin da suka tallafa. Kusan shekara 30 ke nan ana lallaɓawa. Wasu daga cikin waɗanda suka fara fafutukar da ƙuruciyarsu, da furfura suka zauna a kujerun.

Me ake yi a ciki yanzu?

Abu uku. Akwai ɗakunan baje koli inda ake sauya ayyukan masu zane da sassaƙa da ɗaukar hoto, yawancinsu 'yan yankin. Akwai zauren wasa mai kujeru fiye da 400, na wasan kwaikwayo da kiɗa. Sai sashen koyarwa, wanda ya fi mayar da hankali kan yaran makaranta.

Na ukun nan ne ke sa a kira wuri cibiyar al'umma. Gidan adana kayan tarihi yana tara kaya masu tsada ya ce ka kalla, kada ka taɓa. A irin wannan cibiya kuwa yaro ne zai shigo bayan an tashi makaranta, a ɗaura masa tsohuwar riga a kan ta makaranta don kada fenti ya ɓata ta, a ba shi buroshi ko dunƙulen yumɓu, ya fita da hannu duƙun-duƙun yana riƙe da abin da ya yi da kansa. Wataƙila kakarsa a wannan ginin ta ari littafinta na farko.

Ginin da aka yi don littattafai ya dace da zane kuwa?

Ya dace ta wani ɓangare, ta wani kuma ciwon kai ne. Rufin yana da tsawo, ɗakunan karatu manya ne ba a yayyanka su ba, daɓen an yi shi don ɗaukar nauyin kantocin littattafai, saboda haka mutum-mutumi mai nauyi ba ya ba shi tsoro. Ginin kuma a tsakiyar gari yake, kowa ya san hanyarsa. A ƙananan laburarukan Carnegie da yawa ma, tagogin a sama suke, an bar ƙasan bango don jera kantoci, yadda Bertram ya riƙa ba da shawara tun daga 1911. Da aka kwashe kantocin sai ga bango fetal daidai idon mutum, kamar dama don rataye zane aka yi shi.

Amma hasken ranar da mai karatu ke so, shi ne abokin gabar zane. Yana kashe launi, musamman a aikin takarda da yadi, don haka sai an sa labule ko gilashi mai tace haske. Danshi ma haka: tsohon bango na shan ruwa yana fitarwa, zanen da ke kan kyalle ko katako kuma yana buɗewa yana tsukewa har fentin ya tsage, shi ya sa sai an kafa injin daidaita zafi da laima a ginin da ba a bar wa bututu hanya ba. Ga tsohon fenti mai dalma da ba a kankare shi da garaje, ballantana inda yara ke zama. Ga dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990, wadda ta sa duk babban gyara sai an yi tunanin lifta da ƙofar da keke zai bi, ba tare da an ɓata fuskar ginin ba. Idan cibiya na koyar da ginin tukwane, sai an nemo wa murhun gasa su wuri mai iska, nesa da tsohon katako.

Littattafan fa, ina suka tafi?

Sun bi laburaren zuwa sabon gini. Ba a rufe laburaren Covington ba, gida ya sauya.

Ba an ce ginin yana cikin rajistar wuraren tarihi ba? Wannan ba ya hana a rushe shi?

Yana ciki tun farkon shekarun 1970, kafin laburare ya fita, kuma duk da haka sai da aka yi maganar rushe shi. Mutane da yawa suna kuskuren fahimtar wannan rajista ta gwamnatin tarayya, wadda dokar 1966 ta kafa. Karramawa ce. Tana tilasta a yi nazari idan aikin da kuɗin tarayya ke ciki zai taɓa ginin, tana kuma buɗe ƙofar wasu tallafi da rangwamen haraji. Amma ba ta ɗaure hannun mai gini idan ya ga dama ya kawo katafila da kuɗinsa. Abin da ke hana rusau da gaske shi ne dokar ƙaramar hukuma, idan akwai, da kuma mutanen da ke shiga suna fita kullum. Gini a rufe, ba mai lura da ɗigon ruwa a kusurwa sai ya zama rami. Zauren wasan Covington shaida ne.

Wa ke biyan kuɗin tafiyar da wurin?

A nan gizo ke saƙa. Lokacin da ginin yake laburare, harajin gari ne ke riƙe da shi, bisa alkawarin nan na kashi 10. Ranar da littattafai suka fita, wannan igiya ta bi su. Ita kuwa ƙubba ba ta san an sauya mai gida ba: gilashinta na bukatar gyara kamar da, sanyin hunturu na shigowa kamar da, kuɗin wuta kuma sai ƙaruwa.

Irin waɗannan cibiyoyi yawanci ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ba riba suke nema ba, kuma kuɗinsu tsintar kaji ne: tikitin wasa, kuɗin aji, kuɗin zama mamba, hayar zaure don biki ko taro, gudummawar attajirai da kamfanoni, tallafin hukumar fasaha ta jiha, da liyafar neman taimako ta shekara-shekara. Shi ya sa za ka ga sunayen mutane a jikin zaure da ɗaki, wani wurin har da kujera. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin gyaran wani wuri ya san halin ɗan Adam a nan. Ana samun mai ba da kuɗin sabon zaure da za a rubuta sunansa a ƙofa. Mai ba da kuɗin gyaran magudanar ruwa ta bayan gini, wadda ba wanda zai gani, shi ne ake nema ruwa a jallo.

Kuma ba kowace ke kai labari ba. A garin Oxnard na Kalifoniya, tsohon laburaren Carnegie ya yi shekaru yana gidan baje zane a hannun hukumar gari. Da aljihun hukumar ya yi ƙasa a 2019, yana cikin abubuwan da aka rufe.

Covington ne kaɗai ya yi haka?

Ko kusa. A wani bincike da George Bobinski na jami'ar Buffalo ya yi, wanda aka ruwaito a 1992, an samu 911 daga cikin gine-ginen Carnegie na Amurka suna nan a matsayin laburare, 243 an rushe su, sauran kuma sun koma wasu abubuwa: ofisoshi, gidajen tarihi, wuraren cin abinci, har da gidajen zama. Waɗanda suka koma cibiyoyin fasaha suna da yawa, kamar na New Albany a Indiyana, wanda ya yi aikin laburare daga 1904 zuwa 1969, da na North Tonawanda a jihar New York, da na Decatur a Alabama.

Labarin Turlock a Kalifoniya ya fi taɓa zuciya. An gina nasu a 1916, laburare ya fita a 1968, daga baya masu zane suka gaje shi. A watan Nuwamban 2005, ana tsakiyar yi masa kwaskwarima, ɓarayi suka shiga suka cinna masa wuta, cikinsa ya ƙone sai bangon bulo ya rage a tsaye. Da an share filin ba wanda zai ga laifin kowa. Amma aka riƙe bangon, aka sake gina cikin, aka ƙara masa sabon sashe babba, aka buɗe a watan Satumban 2011.

A Vancouver ta Kanada kuma wata hanya aka bi. Ginin 1903 da ke mahaɗar titin Main da Hastings ya zama cibiyar jama'a a 1980, a ɗaya daga cikin unguwannin da talauci ya fi yi wa katutu a birnin. Akwai abinci mai rahusa, akwai azuzuwa, sannan an dawo da ɗan reshen laburare a ciki.

An ce wani ma ya koma shagon sayar da waya?

Gaskiya ne. Babban laburaren Carnegie na birnin Washington, wanda aka buɗe a 1903, ya rasa littattafansa a farkon shekarun 1970, ya yi ta sauya hannu, har kamfanin Apple ya gyara shi ya buɗe shago a ciki a 2019. Ƙungiyar tarihin birnin na zaune a wani sashe na ginin. Gyaran ya yi kyau, ba mai musu, kuma rufin ba zai yi yoyo ba muddin ana ciniki. Sai dai ni ina ganin bambanci tsakanin wurin da ka shiga a matsayin ɗan gari da wurin da ka shiga a matsayin mai saye, ko da ba wanda ya tare ka a ƙofa. Wasu za su ce gara shago da kango. Wannan ma magana ce.

Kuɗin Carnegie sun taɓa isowa Najeriya?

Sun iso, amma ba ta hanyar waɗannan gine-gine ba, kuma bayan rasuwarsa a 1919. Gidauniyar da ya kafa a New York a 1911 ta tallafa wa Laburaren Legas da aka buɗe a 1932, wanda na masu biyan kuɗin zama mamba ne, akasarinsu Turawa da 'yan boko. Ita ce kuma ta ba da kuɗin kafa makarantar horar da ma'aikatan laburare a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960.

Ana biyan kuɗi kafin a shiga irin waɗannan cibiyoyi?

Ya danganta da abin da ya kawo ka. Wasan kwaikwayo da tikiti ake shiga, azuzuwan manya ma yawanci da kuɗi. Kallon zane kuwa a wurare da yawa kyauta ne ko kuɗi kaɗan, kuma ana ƙoƙarin nemo masu ɗaukar nauyin shirye-shiryen yara don kada a tambayi iyaye komai. Kwanakin buɗewa ba kamar na laburare ba ne: wasu cibiyoyin kwana uku ko huɗu kawai suke buɗewa a mako, kuma sukan rufe ɗakunan baje koli na ɗan lokaci idan ana sauke wani aiki ana rataye sabo. Mai niyyar zuwa ya fara duba shafinsu na intanet kafin ya kama hanya.